Kuɗin makaranta da haraji a Saudiyya: yadda za ka karanta fatura kafin ka biya

Ana saura kwana biyu a koma makaranta, yayata ta shigo gidana a Jidda bayan sallar isha'i da takardu biyu a cikin jakar leda. Ko ruwa ba ta sha ba ta shimfiɗa su a kan darduma. Ɗaya faturar ɗanta ce, ɗayar kuma ta ɗan wani ɗan'uwanmu, wanda kakansa ya samu zama ɗan ƙasa tun zamanin da. Yaran aji ɗaya suke, makaranta ɗaya, mota ɗaya ke kwasarsu da safe. Amma faturar ɗanta ta ɗara ɗayar da riyal 1,800.

Ta ce, "Auta, kai ne mai aikin lissafi. Cutata suka yi ko kuwa? Kuma yaron nan ya ce ya gani a YouTube wai ana dawo wa mutum kuɗin makaranta daga haraji a ƙarshen shekara. Ina ake zuwa a karɓa?"

Na ce, "Yaya, ba su cuce ki ba. Kuma babu ofishin da za ki je a ƙarshen shekara." Na ga yadda fuskarta ta sauya, kuma na san iyaye da yawa daga unguwar Shara Mansur ta Makka zuwa unguwannin Jidda suna da wannan tambayar a ransu. Abin da na gaya mata a daren shi ne zan shimfiɗa a nan. A ƙasar nan duk wani sauƙi da za ka samu a kan kuɗin karatun yaro, a gaban akawun makaranta ake samunsa, kafin katinka ya shiga na'ura.

Da farko, ka san wace doka ce ke kanka

Bidiyon da yaron ya kalla na Amurka ne. A can ana cire haraji daga albashi, mutum kuma yana cike takardar haraji duk shekara, shi ya sa ake da abin da za a rage masa. Rangwamen iri biyu ne, kuma yana da kyau ka bambance su. Na farko, a cire abin da ka kashe daga cikin kuɗin shigarka kafin a lissafa haraji. A ce ana karɓar kashi 20 cikin 100, ka kashe 10,000 a karatu, to harajinka ya ragu da 2,000 ke nan, ba 10,000 ba. Na biyu, a zabge wani adadi kai-tsaye daga harajin da ake bin ka. Mafi shahara a Amurka yana kaiwa dala 2,500 a shekara ga ɗalibin da ke cikin shekaru huɗun farko na karatun gaba da sakandare, akwai kuma wani mai kaiwa dala 2,000. Duka biyun na mai biyan haraji ga gwamnatin Amurka ne.

A Saudiyya ba a cire harajin kuɗin shiga daga albashin ma'aikaci, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Tunda ba a karɓa ba, babu abin da za a dawo maka da shi. Harajin da ya shafi karatun ɗanka shi ne VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da hidima, wanda a nan ake ce wa dariba. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 ranar 1 ga Yuli 2020. Hukumar da ke kula da shi ita ce ta zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA.

Makarantar gwamnati babu dariba a kanta. Makarantar kuɗi, ta Larabci ce ko ta ƙasa-da-ƙasa, akwai kashi 15 a kan kuɗinta. Sai dai tun watan Janairun 2018 Sarki Salman ya ba da umarni gwamnati ta ɗauki nauyin wannan dariba a madadin 'yan ƙasa, a karatun makarantun kuɗi da kuma jinya a asibitocin kuɗi. Wannan ne asalin bambancin riyal 1,800 da ya hana yayata barci: kuɗin makarantar 12,000 ne ga kowane ɗaya daga yaran biyu, na ɗaya gwamnati ta ɗauke masa daribar, ɗayan kuma iyayensa ne za su biya.

Na biyu, ka duba lambar yaron

Gidajen Hausawa a nan gauraye suke. A tsakar gida ɗaya za ka samu mai hawiyya, wato katin ɗan ƙasa, da mai igama, wato katin zaman baƙo, wani lokaci ma kakanninsu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Lambar hawiyya tana farawa da 1, ta igama tana farawa da 2, kuma wannan lamba ta farko ita ce ke yanke hukunci a ofishin akawu.

Sauƙin na ɗan ƙasar da ke amfana da karatun ne. Saboda haka idan ɗalibin ɗan ƙasa ne, ka tabbata lambar hawiyyarsa ce aka shigar a kan fatura. Inda ake yawan samun matsala shi ne idan wani ne ya je biya: kawu mai igama ya kai kuɗin marayan da yake riƙo, ko uwa baƙuwa ta je ta yi wa ɗanta ɗan ƙasa rajista, akawu ya buɗe fayil da lambar wanda ke tsaye a gabansa, na'ura kuma ta ɗora kashi 15 ba tare da ta tambayi kowa ba. Ka tafi da takardar shaidar yaron, ka ce a rubuta sunansa da lambarsa. Idan gidanku auren ɗan ƙasa da baƙo ne, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa a majalisa. Kira ZATCA a 19993 ka faɗi irin takardar da yaron yake riƙe da ita, ka nemi lambar tambayarka, ka kai wa makaranta amsar.

Ɗaukar nauyin ya shafi karatu ne a makarantar da ke da lasisi. Kayan sawa na makaranta, jaka, alƙaluma da littattafan rubutu da ka saya a kanti, duk akwai kashi 15 a kansu, ga ɗan ƙasa da baƙo.

Na uku, karanta faturar layi-layi

A nan nake so ka zauna da kyau, domin a nan kuɗin suke.

Kada ka karɓi guntun rasit na hannu a matsayin hujja. Tun ranar 4 ga Disamba 2021 doka ta wajabta wa duk mai rajistar dariba ya fitar da fatura ta na'ura. A kanta za ka ga sunan makaranta, ranar da aka fitar da ita, jimillar kuɗi, adadin daribar a ware, da lambar rajistar dariba mai lambobi 15, wadda ke farawa da 3 ta ƙare da 3. A gefe kuma akwai ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo na QR. Sauke manhajar ZATCA a wayarka ka haska shi. Sunan da ya fito da kuɗin da ya fito su zama daidai da abin da ke kan takarda. A shafin hukumar ma kana iya shigar da lambar rajistar ka ga ko ta gaske ce.

Dalilin wannan binciken shi ne, ba kowa ke da ikon karɓar dariba ba. Rajista tana zama dole ne ga wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000, wanda ya haura 187,500 kuma yana iya yi don ra'ayin kansa. Wanda bai yi rajista ba, ba shi da hurumin ƙara maka kashi 15. Na taɓa biyan kuɗin darasin yamma na 'yata a wata ƙaramar cibiya har wata huɗu, kullum da "dariba" a rubuce da biro a ƙasan rasit. Ranar da na nemi lambar rajista sai aka hau kame-kame. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a wata guda, amma abin ya yi mini ciwo, domin na san akwai uwayen da ke sayar da abinci su tara wannan kuɗin riyal-riyal, kuma ba za su taɓa tambaya ba.

Sai ka tambaya tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya: kuɗin da aka faɗa, da dariba a ciki ne ko babu? Da Larabci ka ce "shamil dariba?" Idan aka ce 12,000 ban da dariba, abin da zai fita daga aljihunka 13,800 ne. Idan aka ce da dariba a ciki, ga yadda za ka ciro ta: ninka kuɗin sau 15, ka raba da 115. Misali 11,500 sau 15, a raba da 115, ya ba da 1,500. Asalin kuɗin makarantar 10,000 ke nan. Mutane da yawa suna ɗaukar kashi 15 na jimillar kai-tsaye, su samu 1,725, su je suna rigima da akawu a kan kuskuren da nasu ne.

Ka kuma nemi a rarraba faturar: karatu daban, mota daban, kayan sawa daban, abinci daban. Ga ɗan ƙasa, rarrabawar ce ke nuna abin da gwamnati ta ɗauke da abin da ya rage masa. Ga mai igama, ita ce ke nuna masa abin da zai iya ajiyewa. Idan gidanka kusa yake da makaranta, ka cire mota, ka huta da kuɗinta da daribarta baki ɗaya.

Na huɗu, nemi ragi, kuma ka duba inda aka sa shi

Mai igama ba zai kauce wa kashi 15 ba, amma yana iya rage tushen da ake ɗora shi. Makarantu da yawa suna yin ragi ga wa da ƙani, ga wanda ya biya na shekara gaba ɗaya, ko wanda ya yi rajista da wuri, wasu kuma ga mahaddatan Alƙur'ani. Ba kullum suke shelantawa ba. Mu kuma muna da wannan kunyar ta tambaya, kada a ce mun gaza. A kasuwar Bab Sharif ta Jidda ba ma jin nauyin tayawa, to kuɗin karatun yaro ya fi cancantar a taya.

Ana lissafa dariba ne a kan kuɗin da ya rage bayan ragi. A ce an yi maka ragin kashi 10 daga 12,000, saura 10,800, daribarsa 1,620, jimilla 12,420. Ka tsira da 1,200 na ragi da 180 na dariba. Idan ka ga an bar daribar a 1,800 alhali an rubuta ragi a sama, nuna wa akawu da yatsa, cikin ladabi.

Idan an riga an karɓa bisa kuskure

Koma makarantar da faturar da shaidar biya. Ba a goge fatura ta na'ura, ana fitar da wata takardar gyara ce da ake kira ish'ar da'in, wadda ke ɗauke da lambar faturar farko. Ka nemi kwafinta, ka kuma ji ko za a mayar maka da kuɗin ne ko a zuba su cikin na zango mai zuwa. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta. Idan aka ƙi, ko aka yi ta ce maka gobe, manhajar ZATCA tana da sashen kai ƙorafi, inda za ka ɗora hoton faturar. Ka fara da makaranta tukuna. Yawancin irin wannan kuskure ne na shigar da lamba, kuma ɗanka zai ci gaba da zama a ajin nan.

Na biyar, koma ga kwangilar aikinka

Ga ma'aikaci baƙo, abin da ya fi kama da rangwamen da ake yi a wasu ƙasashe shi ne alawus ɗin karatun yara, badal ta'alim. Ba dole ba ne a kan kowane kamfani, abu ne na yarjejeniya. Amma idan an ba ka, yana zuwa cikakke tunda babu harajin albashi da zai gutsure shi. Buɗe kwangilarka a Qiwa, dandalin gwamnati na kwangilolin aiki, ka karanta. Yara nawa ya ƙunsa? Daga shekara nawa zuwa nawa? Iyakarsa da dariba a ciki ne? Kamfani ne zai biya makaranta, ko kai za ka biya a mayar maka? Idan na ƙarshen ne, fatura ta na'ura kaɗai sashen kuɗi zai karɓa, kuma galibi da wa'adi.

Lokacin sabunta kwangila ne lokacin magana. A ganina, uba mai yara uku gara ya nemi alawus ɗin karatu da ya nemi ƙarin riyal ɗari biyu ko uku a albashi. Sa'ad da za ka yi maganar, tafi da cikakken lissafi. Ban da kuɗin makaranta, yawancin ma'aikata baƙi suna biyan kuɗin zaman iyali, wanda ya fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017 ya kai 400 a Yulin 2020. Wato 4,800 a shekara a kan kowane yaro. Haɗa da 13,800 ɗin can, yaro guda ya tashi a 18,600 kafin a saya masa takalmi. Wannan adadin ne ya kamata mai gidanka ya gani a takarda.

Mai kasuwanci ya yi hattara

Wasu 'yan'uwa masu shago ko ƙaramin kamfani sun tambaye ni ko za su sa faturar makarantar yaransu cikin lissafin kasuwanci, su cire daribarta daga wadda za su miƙa wa hukuma. Kada ka yi. Daribar da ake cirewa ita ce ta abin da aka saya domin kasuwancin. Karatun ɗanka hidimar gidanka ce. Idan masu bincike suka gano, za ka mayar da kuɗin da tara a kai. Horar da ma'aikatanka a kan aikin da suke yi maka, wannan kam kashe-kashen kasuwanci ne, ka sa a fitar da faturarsa da sunan kamfani da lambar daribarsa.

Haka batun zakka, tunda sunanta na jikin hukumar har wasu na rikicewa. Kuɗin makarantar ɗanka ba ya zama zakkarka, domin ɗawainiyarsa wajibi ce a kanka tun asali. Ɗalibi matalauci wanda ciyar da shi ba ya wuyanka, wannan wata magana ce, ka kai ta gaban malaminka.

Hanyar da babu dariba sam

Kafin ka ɗaure kanka da makarantar kuɗi, gwada ta gwamnati. Yaron da igamarsa ke da rai yana iya neman gurbi ta tsarin Noor na ma'aikatar ilimi, karatu kyauta, littattafai kyauta, gwargwadon guraben da ke akwai. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne igamar da ta mutu da kuma jinkiri. Sabunta ta yaron kafin a buɗe rajista, ka shirya takardar haihuwa da katin rigakafi. Wanda ke da niyyar mayar da yaro gida ya rubuta WAEC ko JAMB, shi ne zai auna ko karatun Larabci zalla zai kai shi, ko sai ya haɗa da darasin Turanci.

A matakin jami'a akwai tallafin karatu ga baƙi, na waɗanda ke zaune a ƙasar da na masu zuwa daga waje. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta yaye malamanmu da dama ta wannan hanya, haka Ummul Ƙura a Makka. Yanzu ana nema ne ta dandalin ma'aikatar ilimi na "Udrus fis Sa'udiyya". Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare ya fara tara takardunsa tun zangon farko.

Idan kana da ƙafa ɗaya a gida

Masu aika kuɗin makaranta Kano ko Sakkwato, ko masu harkar da ake biya wa haraji a Najeriya, su san cewa sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ba ta sa kuɗin makarantar yara cikin abubuwan da ake cirewa daga kuɗin shigar mutum ba. Abin da ta lissafa ya haɗa da fansho, inshorar lafiya, inshorar rai, da kashi 20 na kuɗin hayar gida har zuwa naira 500,000. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Ta ɓangaren VAT kuma, karatu da littattafan karatu a kan sifili suke. Idan makarantar gida ta turo maka takarda da VAT a kan kuɗin karatu, ka tambayi dalili kafin ka tura.

Ka ware fayil guda ga kowane yaro, yarjejeniya da faturori da shaidar biya a ciki, ka kuma ɗauki hotonsu a waya, domin rubutun takardar na'ura yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin Jidda.

Washegari na raka Yaya makarantar. Daribar tana nan daram, kamar yadda na gaya mata. Amma da muka ce a rarraba faturar, sai ga kuɗin mota na komowa da rana, alhali babansa ne ke ɗauko shi a hanyarsa ta dawowa daga aiki. Aka cire. Ta kuma tambayi ragin wa da ƙani, tunda ƙaramar 'yarta za ta shiga aji ɗaya a bana, akawu ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya ce ta cike ta kawo tare da kwafin igamar yaran biyu kafin ranar Alhamis.